Saukar Baƙon Kwana a Zariya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gyaran Ɗakin Baƙi

Gidan mutumin Zariya ba ya rabo da baƙon kwana. Wannan ya kawo ɗansa rajista Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wancan ya zo da mara lafiya asibitin koyarwa na Shika, ga masu zuwa kallon hawan Sallah, ga dangin kuratan soja ranar da za a yaye su a Defo, ga kuma matafiyin da dare ya riska tsakanin Kaduna da Kano ya tuna yana da ɗan'uwa a Tudun Wada. Baƙin biki da suna da ta'aziyya kuwa ba sa yankewa.

Abu ɗaya nake so a riƙe kafin a shiga tambayoyin. Baƙonmu mai kara ne. Zai kwana da ƙishirwa, sanyi ya kaɗa shi har asuba, ya matse fitsari don bai san hanyar bayi ba, da safe a ce masa "An tashi lafiya?" ya ce "Lafiya ƙalau." Saboda haka ainihin gyaran ɗakin baƙo shi ne a tanadar masa duk abin da kunya za ta hana shi tambaya.

Gidanmu ba shi da ɗakin baƙi na musamman. Ina za mu sauke baƙo?

Iyayenmu sun warware wannan tun a wajen gini. A tsofaffin gidajen cikin birni, bayan zaure akwai fili, sannan shigifa, kuma a wannan sashe na waje ake yin ɗakin samari da na baƙi maza. Baƙo yana shiga yana fita ba tare da ya ratsa cikin gida ba, matan gida ma suna sakewa da aikinsu. Baƙuwa mace kuma cikin gida take sauka, ɗakin uwargida ko na wata dattijuwa. Wanda yake zaune a ɗaki biyu da falo a Samaru ko Sabon Gari ba shi da shigifa, amma hikimar tana nan: namiji a ba shi wurin da ya fi kusa da ƙofar fita, mace a shigar da ita ciki.

Idan ɗakin yara za a ba shi, a kwashe yaran gaba ɗaya, har da kayan makarantarsu na gobe, don kada a yi ta buga masa ƙofa da sassafe ana neman takalmi da jaka. Idan falo ne, a sa labule mai kauri ko a ja kujeru a ware masa lungu, a kashe talabijin da wuri, kuma a sanar da mutanen gida cewa daga bayan isha'i falon ya zama ɗakin wani.

Ajiye shimfiɗar baƙo ba almubazzaranci ba ne. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya lissafa shimfiɗa ta miji, da ta matarsa, ya ce ta uku ta baƙo ce. Ko katifa ɗaya ce mai kyau da aka jingine aka lulluɓe, ta isa a ce gida ya shirya.

An kira ni an ce baƙo yana tafe gobe. Da me zan fara?

Da buɗe ƙofa da taga. Ɗakin da aka daɗe ba a kwana ciki ba yana da warinsa, mutanen gida ba sa ji, baƙo kuwa shi zai fara tarbarsa. A fitar da katifa da filo rana, a kakkaɓe yanar gizo daga sama, a share har ƙarƙashin gado, a goge ƙasa. A gidaje da yawa ɗakin baƙi ya koma ɗakin ajiya: buhun masara, tsohon keken ɗinki, kwalayen kayan biki. Hatsi dai dole ya fita, domin shi ke kawo ɓera da ƙwari. Sauran tarkacen, in babu inda za a kai su, a tattara su gefe guda a rufe da zane mai tsabta.

Daga nan sai a yi abin da mutane kaɗan ne ke yi: ki kwanta a gadon da kanki na ɗan lokaci, in da hali da daddare. A kwance ne za ki ji katakon da ke ƙara, ki ga tagar da ba ta rufuwa, ki gane makunnin fitila yana can nesa da gado, ki lura labulen yana nuna mutum idan an kunna wuta.

Sai na sayi sabon gado da sabuwar katifa?

A'a. Katifa mai ƙarfi a ƙasa, bisa tabarma ko leda mai tsabta, ta fi gado mai ado wanda katifarsa ta lotsa a tsakiya. Dattawa da yawa ma sun fi son shimfiɗa mai ɗan tauri saboda baya. Inda ya kamata kuɗi ya tafi shi ne zanen gado. A ware guda biyu na auduga da rigunan filo, na baƙi kaɗai, a wanke a goge a adana. Masu santsi da sheƙi suna da kyan gani, amma da bazara suna manne wa jiki. Filo biyu sun fi ɗaya, ɗaya mai laushi ɗaya mai tauri, baƙo ya zaɓa. Filon da ya yi baƙi da man kai, sabuwar riga ba ta ɓoye warinsa, a canza shi.

Waɗanne kaya ne lallai baƙo ya tarar a ɗakin?

Kayan salla tukuna: buta cike da ruwa, darduma, da hijabi mai tsabta idan mace ce. A nuna masa alƙibla tun da ya ajiye jaka, domin baƙo da yawa sun yi salla suna kokwanto. Daga Zariya alƙibla ba gabas sak take ba, tana karkata wajen arewa, kimanin digiri 67 daga arewa ga mai duba ta a waya. Mafi sauƙi shi ne a shimfiɗa dardumar a daidai, a bar ta haka. Namiji a gaya masa masallacin da ya fi kusa da lokacin da ake tayar da sallar asuba, da yadda zai buɗe ƙofar gida idan zai fita.

Sai ruwan sha a rufe da kofinsa, fitila mai caji ko tocila a inda hannu zai kai daga kwance, da soket mai aiki kusa da gado. Caja ta waya tana cikin abubuwan da matafiyi ya fi mantawa, ajiye guda ɗaya yana fitar da shi kunyar aro. A sa tawul, sabon sabulu da soso, man shafawa, silifas na wanka, ɗan madubi, da kwandon shara. A samu inda zai rataye kaya, ko ƙusa biyu ce a bayan ƙofa da hanga. Mai babbar riga da ya zo ɗaurin aure ba ya son ya ninke ta a kan jaka.

Kujera ko da ta roba ce tana da amfani, don kada gado ya zama wurin zama da cin abinci da ajiye kaya duka.

Sauro fa? Feshi ya isa ko sai da gidan sauro?

Gidan sauro mai magani ya fi komai, kuma ban san wani abu a ɗakin baƙo da ya kai shi muhimmanci da damina ba. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro da daddare yake cizo, kuma ya fi yawa daga tsakiyar damina zuwa kaka. Abin takaici ne mutum ya zo zumunci ya koma gida da zazzaɓi. Masu ciki da ƙananan yara sun fi shiga haɗari, haka ma ɗan'uwan da ya daɗe a Ingila ko Amurka, domin jikinsa ya rasa sabon da ya yi da cutar.

Idan sabo ne, a baza shi a inuwa na awa 24 kafin a ɗaura, in ba haka ba yana sa ƙaiƙayin fuska da ido. A ɗaura shi tun kafin baƙo ya iso, kada a miƙa masa a ƙunshe ya rasa inda zai maƙala igiya. A duba huda a ɗinke, a kuma tabbatar tsawonsa ya isa a cusa gefensa ƙarƙashin katifa. Wankinsa da sabulu mara ƙarfi ake yi, a shanya a inuwa.

Feshi taimako ne kawai. A fesa da yamma a rufe ɗakin, sannan a buɗe ya sha iska sosai kafin lokacin kwanciya. Fiya-fiya da ake sayarwa a kwalabe marasa suna guba ce mai ƙarfi, ba ta dace da ɗakin da mutum zai kwana ba. Maganin sauro na kunnawa kuma hayaƙinsa yana tayar wa masu asma da ciwo. Ragar taga da ta yage a gyara ta, a kuma zubar da ruwan da ya kwanta a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye a bayan ɗakin.

Da hunturu yaya za a yi kada sanyi ya dami baƙo?

Sanyin Zariya na Disamba da Janairu ba wasa ba ne, musamman gab da asuba, kuma wanda ya taso daga Legas ko Fatakwal bai zo da shirinsa ba. A ajiye bargo biyu, ɗaya a shimfiɗe ɗaya a ninke a ƙarshen gado, domin baƙo ba zai tashi mutane cikin dare neman ƙari ba. A toshe kafar taga da ƙasan ƙofa saboda iska da ƙura. Ɗakin da aka goge da safe kan sake yin fari kafin magariba, sai a rufe gadon da wani zane, a yaye shi idan baƙo ya iso. A ajiye basilin ko man kaɗanya saboda kaushi da fashewar leɓe.

Ruwan zafi a filas domin alwalar asuba yana cikin abubuwan da baƙo ba ya mantawa. Ruwan wanka ma a ɗumama a kai masa, ba sai an tambaye shi ba, don in an tambaya cewa zai yi a bar shi.

Gargaɗi mai girma a nan: kada a bar kaskon gawayi a rufaffen ɗaki don a ɗumama wa baƙo. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa mai barci ya zarce bai farka ba. In an ɗumama ɗakin da wuta, a fitar da kaskon, a bar iska ta ratsa kafin a kwanta.

Da bazara kuma, ga zafi ga ɗauke wuta?

Maris da Afrilu, ɗakin kwano mara silin yana riƙe zafi har tsakar dare. Ɗakin soro na ƙasa ya fi shi sanyi nesa ba kusa ba, kuma wanda yake da irinsa a gida ya ba baƙo shi a wannan lokaci. In babu, a rufe taga da labule da rana, a buɗe su bayan faɗuwar rana, a yayyafa ruwa a ƙasa da tsakar gida. Fanka mai caji a cika ta da wuta tun da rana, a ajiye mafici a gefe. Idan mutanen gida a waje suke kwana, a yi wa baƙo tayi, a ware masa gefensa da gidan sauronsa.

Janareta kuwa kada a ajiye shi a bakin tagar baƙo ko a baranda mai rufi. Hayaƙinsa irin gubar gawayin nan yake ɗauke da ita. A kai shi fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. A kuma gaya wa baƙo lokacin da ake kashewa don ya yi cajinsa.

Bayi ɗaya muke da shi a gidan, kuma ruwa sai an saya. Yaya za a yi?

A nan ne baƙo ya fi shan wahala a ɓoye. Mutum mai mutunci, musamman suruki, zai iya takura kansa yini guda don kada a gan shi da buta yana ratsa tsakar gida. Maganin abin shi ne a riga shi magana. Da isowarsa, bayan ya sha ruwa ya huta, maigida ya nuna wa namiji, uwargida ta nuna wa mace: "Baba, ga bayi nan ta wannan lungun, ga makunnin wuta, an ajiye maka ruwa." A faɗa sau ɗaya a wuce, ba tare da an tsawaita ba.

A wanke bayin sosai, a tabbatar sakata tana aiki, a sa fitila a hanya, a kwashe bokitai da igiyar shanya da mutum zai iya karo da su cikin duhu. Da safe a tsare yara kaɗan, a ba baƙo fili ya fara shiga.

Ruwa kuwa, duk mazaunin Zariya ya san famfo ba kullum yake kawowa ba. A sayi na 'yan garuwa tun kafin baƙo ya zo, a cika masa bokitinsa daban da murfi. Kada a yi cinikin ruwa ko ƙorafin tsadarsa a kunnensa. Daga ranar da ya ji, zai fara wanka da rabin bokiti, wataƙila ma ya rage kwanakinsa.

Turaren wuta ya dace a ɗakin baƙo?

Ya dace, amma bayan shara da shan iska, ba a madadinsu ba. A turara da wuri, ƙamshin ya kama labule ya lafa kafin baƙo ya shigo. Mai asma, mai ciki da jariri, a bar musu ɗakin haka nan.

Ina tsoron kuɗin cizo. Ta yaya zan gane akwai, kuma me zan yi?

A duba ɗinkin gefen katifa, da mahaɗar katakon gado, da tsagar bango kusa da shimfiɗa. Alamarsa ɗige-ɗige baƙaƙe ne, da ɗan jini a zanen gado. Samunsa ba shaidar ƙazanta ba ce, a jaka da kayan gwanjo da tsofaffin kujeru yake tafiya, kuma gari mai ɗalibai da matafiya ba ya rasa shi. Zafi ne ke kashe shi da ƙwansa: a wanke zannuwa da ruwa mai zafi ƙwarai, a bi su da dutsen guga, a zuba tafasasshen ruwa a mahaɗar gado, a toshe tsagar bango. Shanya katifa a rana tana taimakawa amma ba ta gamawa da shi. Idan ya yi yawa a kira masu feshi da suka san aikin, kuma a yi hakan kwanaki kafin zuwan baƙo. In lokaci ya ƙure, gara a sauya masa ɗaki da shimfiɗa.

Surukata ce za ta zo, ta manyanta kuma tana fama da ciwon gwiwa. Akwai abin da zan ƙara?

Akwai. Ita kam katifar ƙasa ba ta yi ba, tashi daga ƙasa yana wahalar da mai ciwon gwiwa. Ki samar mata gado madaidaici wanda idan ta zauna ƙafarta za ta taɓa ƙasa, da kujerar salla, da ɗan kujerar zama a wurin wanka. Ki ba ta ɗakin da ya fi kusa da bayi, ki ajiye mata fo mai murfi saboda dare ba tare da kin yi maganarsa ba, da safe ki sa a ɗauke cikin sutura. Tayil mai santsi a shimfiɗa masa abin taka ƙafa. Ki bar mata 'yar jikarta ta kwana kusa da ita, don aike da kuma hira, tsofaffi ba sa son a rufe su su kaɗai a ɗaki ko da ya fi kowanne kyau.

Abincinta ki tambayi maigidan ko wata 'yarta, ko likita ya hana ta gishiri ko sukari. Idan ita kika tambaya, "Komai aka samu, 'yar nan" za ta ce.

Masu zuwa jinya Shika su ma suna da nasu hali. Fitarsu da dawowarsu ba lokaci, ga gajiya ga damuwa. A ba su makulli, a tanadi wurin wanki da shanya, filas da kular kai abinci asibiti, kuma kada a tsare su da doguwar hira idan sun dawo.

Abinci a ɗaki za a kai masa ko a ci tare?

Ya danganta da wane ne. Abokin maigida ko sa'ansa tare za su ci. Suruki da dattijuwa sun fi sakewa idan an kai musu ɗaki an ja ƙofa. Ruwa ne farko, sannan abin da ya sawwaƙa nan take, fura ko kunu, kafin a gama girki. Kada a tambayi baƙo ko yana jin yunwa, a kawo kawai. Da dare a bar masa ɗan abin taɓawa a rufe, dabino ko biskit ko ayaba, domin wani bai ci ya ƙoshi ba a gaban mutane. Da safe koko da ƙosai ko shayi su iso da wuri, musamman ga wanda zai bi layin asibiti ko na rajista.

Yarana suna da shige-shige. Yaya zan kare wa baƙo sirrinsa?

A koya musu sallama da jiran izini. Suratun Nur, aya ta 58, ta ambaci lokuta uku da yara ma sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, da lokacin hutun azahar, da bayan isha'i. A hana su taɓa jakarsa da wayarsa, a kuma hana su tsayawa a kansa yana cin abinci. Ƙofar ta kasance da sakata ta ciki. Duk abin da mutanen gida za su buƙata daga ɗakin a fitar da shi tun farko. Su ma manya su rage murya a kusa da tagarsa, musamman kan maganar kuɗin cefane.

Baƙo ya wuce kwanakin da muka zata. Me ya kamata?

Hadisin Bukhari da Muslim ya nuna liyafa kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma ya hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Amma a garin nan sau da yawa ba da son ransa ba ne: aikin asibiti ya ja, ko ɗalibi bai samu ɗakin kwana a makaranta ba. Bayan kwana ukun sai a sauke ɗawainiya ta musamman, ya ci abin da gida ke ci, a nuna masa inda tsintsiya da wurin wanki suke, a riƙa canza masa zanen gado duk mako. Wannan yana sauƙaƙa wa kowa, shi ma nauyin da yake ji ya ragu. Idan zaman zai kai watanni, maigida ya zauna da shi su yi magana a fili cikin mutunci, ya taimaka masa neman ɗaki. Sakin fuska a gabansa da gunaguni a bayansa shi ne abin da ke ɓata zumunci.

Bayan ya tafi, me ake yi wa ɗakin?

A duba ƙarƙashin filo da gado da jikin soket tun bai yi nisa ba, caja da carbi da magani su aka fi bari, a kira shi kafin ya kai tasha. A wanke zannuwa da tawul a ranar, a shanya katifa da filo, a naɗe gidan sauro a sa a jaka, a zubar da ruwan buta da na bokiti don kada sauro ya samu wurin ƙwai. Da damina a riƙa buɗe ɗakin lokaci-lokaci saboda danshi da gara, a kuma ɗan janye katifa daga jikin bango. Kayan baƙi, wato zanen gado, tawul, sabon sabulu, darduma da tocila, a haɗa su a akwati ɗaya a rufe, a sanar da kowa a gidan cewa ba na amfanin yau da kullum ba ne.